Randar da Ba a Cikawa

Kwanan baya wani saurayi ya shigo shagona riƙe da salula, ya ce in yanka masa gilashi huɗu zai haɗa gidan kifi. Huɗu fa, ko gindin bai tuna da shi ba. Da na tambaye shi inda ruwan zai zauna sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai akwati ne kawai, na gani ga bidiyo." Ku yaran yanzu haka kuke yi wa rogo kallon kitse. Mai bidiyon ba ya nuna muku ranar da wuta ta ɗauke, ba ya nuna muku zafin Gaya, kuma ba ya gaya muku cewa a cikin gidan mutane za a ajiye abin, mutane kuwa suna da hannu.

A Kwatano na koyi gilashi. Na tafi ina karen mota, motar ta lalace, maigidan ya dawo ya bar ni, sai wani mai shagon gilashi da ake kira Kosi ya ɗauke ni. Shekarar farko bai bar ni na taɓa diyama ba, wato ɗan alƙalamin nan mai baƙin dutse a baki da ake tsaga gilashi da shi. Aikina ɗauka da goge baki da dutse, har sai gefen gilashin ya daina yanka. Duk tabon da ke hannuna na wannan shekarar ne. Da ya ba ni diyamar kuma, sai ya ce ja ɗaya ake yi, a tsoma ta cikin kananzir, a ja, a karya. Wanda ya maimaita layi ya ɓata gilashi ya ɓata diyama, kuma ya sha mari.

Tagogi ne yawancin aikin Kosi, amma yana haɗa wa otal-otal da baƙi gidan kifin teku. A wurinsa na gane cewa tanki biyu ne. Na sama shi ne na kallo, shi kowa ke yabawa. Na ƙasa yana ɓoye cikin kabad, shi ke aikin duka. Da Faransanci dekant suke ce masa, ni kuwa randar ƙasa nake kiransa. Ruwa yana malalowa daga sama ta tiyo, ya bi ta cikinta a tace shi, famfo ya sake tura shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana. Kifin gulbi kamar tarwaɗa ko a taɓo ka jefa ta za ta yi ƙiba, amma kifin teku ɗan gata ne, ruwa ya ɗan canja sai ka same shi ciki a sama.

Da na dawo Gaya babu mai neman wannan. Na yi ta tagogi, da madubin masu aski, da akwatin gilashin masu burodi da masu sayar da salula. Jefi-jefi wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce in haɗa masa ƙaramin tanki na karfasa. Na yi furfura ban sake taɓa ruwan gishiri ba, sai da Alhaji Garba ya aiko a kira ni.

Alhaji Garba mai manyan motoci ne, masu bin hanyar Kwatano. Wani Balarabe da zai bar ƙasar ya bar masa tankinsa da kifayen ciki, shi kuma ya ɗora tankin a kan kamiyo, wato babbar motar kaya, kifayen a cikin jarkoki, ya taho da su har Gaya. Rabi sun mutu tun kafin Malanbil, garin bakin iyaka. Sauran na same su a falonsa cikin ruwa mai kama da na wankin shinkafa, suna haki a sama. Randar ƙasan kuwa an baro ta can, don direban ya ga tsohon akwati ne mai datti, ya ce ba zai cika masa mota ba.

Na ce, "Alhaji, abin da anka baro shi ne ran abin."

Ya ce, "To yi wani. In gishiri ne, ga na Foga nan, gobe in sa a kawo maka buhu."

Na ce masa gishirin Foga na miya ne da na shanu, kifin teku ba ya shan sa. Sai dai motocinsa su riƙa kawo buhun gishirin da ake sayarwa don wannan aiki. Ya dube ni kamar na zagi garinsu, amma ya yarda.

Aikin ya ci mini kwanaki. Na auna cikin kabad ɗin da tankin ke zaune a kai, na yanka gilashi mai kauri, na haɗa doguwar randa. A cikinta na tsayar da gilasai uku a tsaye, suka raba ta ɗaki-ɗaki. Ɗaya ya zauna a gindi, na tsakiya ya ɗaga ya bar hanya ta ƙarƙashi, na ukun ya sake zama, don ruwa ya hau ya sauka ya sake hawa, kumfa ta fashe a hanya kafin ta kai famfo. Ɗakin farko soso ne mai kama datti. Biyun tsakiya duwatsun teku ne masu huji-huji. Na ƙarshe na famfo ne. Silikon ɗin da ake liƙa gilashin da shi ma ba kowanne ba, wanda ake liƙa banɗaki da shi akwai maganin fumfuna a ciki, yana kashe kifi. Mai warin tsami ake nema, a bar shi ya bushe sarai, komai gaggawar mai gida. Ƙarfe kuma ko ƙusa ɗaya ba ya shiga, gishiri ya cinye shi, shi kuma ya ɓata ruwan. Komai roba ne ko gilashi.

Huda tankin sama shi ne inda gaban mutum ke faɗuwa. Na kwashe kifayen cikin bahon roba, na kwantar da tankin, na yi ɗan gurbi da laka na zuba ruwa a ciki, na sa na'urar huji tana juyawa a hankali. Ba a dannawa, nauyin na'urar ya isa. Alhaji yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara ƙarfi azahar ta kusa. Na ce masa ya je ya yi alwala, gilashi ba ya son a tsaya masa a kai.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Randar ƙasa ba a cika ta. In wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo da wanda ya haura bakin hujin a sama duk ƙasa zai gangaro, dole ya sami wurin zama. Don haka na kunna famfon na kashe, na kunna na kashe, ina kallon inda ruwan ke tsayawa, sannan na ja jan layi da fenti a jikin gilashin, ƙasa da baki da kusan taki guda. Na nuna wa Alhaji, na ce muddin famfo na aiki kada ruwa ya wuce layin nan. In zafi ya shanye shi ya yi ƙasa, ni zan riƙa zuwa ina ƙarawa. Ya ce ya ji. Ruwan ya yi garau, kifayen suka warke, har da wani ɗan rawaya mai tsinin baki da wasu biyu masu ja da farin zane. Mutane suka riƙa zuwa kallo, sunana ya zaga gari.

Sai shekarar da aka rufe gadar kan iyaka ta zo. Wanda ya zauna Gaya a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Motoci suka yi layi suna tsatsa, kaya sai ta kwale-kwale, gilashi kuwa ba ya son kwale-kwale. Gine-gine suka tsaya. Nakan buɗe shago in share in zauna, har la'asar ba wanda ya ce ko madubin hannu yake so. Wuta ma ta zama baƙuwa, ta leƙo ta koma. Aiki guda ya rage a garin da ake magana a kai, wani bene da abokin Alhaji Garba yake ƙarasawa a hanyar Doso, tagogi daga ƙasa har sama. Ya riga ya ce mini ni zan sa su. A kan wannan aikin na dogara da gidana duka.

Ana haka Alhaji ya kira ni, muryarsa a sama. Na je na tarar an naɗe dardumar falo an shanya a kan katanga, farin gishiri ya fito mata. Ya ce, "Ga aikinka nan. Yoyo shi kai."

Na buɗe kabad. Wuta ta dawo, famfo na aiki, ruwa yana kusa da layi. Na bi kowane haɗi da busasshen tsumma da yatsa, ko digo babu. Na ce masa ban ga yoyo ba. Ya ce to ruwan daga sama ya zubo, ko aljanu suka kawo? Don a zauna lafiya na ƙara silikon a inda ba ya bukata, na tafi.

Bayan 'yan kwanaki abin ya sake faruwa. Wannan karon na kwashe randar gaba ɗaya, na kai ta shago, na cika ta da ruwa na ɗora a kan takardun siminti, ta wuni ta kwana takardun a bushe. Na mayar. Aka sake kira na. Kafin wannan lokaci magana ta riga ta isa garajin manyan motoci, inda direbobi ke zaune ba aiki sai shayi da bakin mutane. In na wuce sai in ji ana cewa, "Malam Idi, a taimaka muna da lema, za mu falon Alhaji." Mai benen ya aiko yaronsa ya ce mini tukuna, zai ga yadda ta kaya, don ba ya son damina ta shigo masa ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai gilashin da aka ce aikinsa na yoyo ya gama sana'a a gari irin namu, ko da tagoginsa ba su taɓa zubar da digo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Zuwa na gaba na tsoma yatsa na ɗanɗana, sai na ji gishirin ya yi sanyi. Na sa ma'auni, shi ma ya ce haka. Ɗan rawayan nan ya daina cin abinci, ya maƙale bayan dutse. Yoyo yana rage ruwa, amma ba ya rage masa gishiri. Wani ne ke zuba ruwan daɗi a ciki. In ya cika randar har baki, wuta ta ɗauke, na sama ya gangaro ya rasa wuri, sai darduma. In wuta ta dawo famfo ya kwashe nasa ya mayar sama, ruwan ya koma kusa da layi kamar ba a yi komai ba. Shi ya sa kullum nake tarar da abin lafiya lau, ina tsaye kamar maƙaryaci.

Na tambayi matar gidan, ta ce ita ko kabad ɗin ba ta buɗewa. Yara an hana su falon. Sai na ce zan gyara tiyo, na shimfiɗa kayana a bayan kujera na zauna tun hantsi. Alhaji yana garaj. Bayan azahar na ji ana jan ƙafa. Wata tsohuwa ce ta shigo, a duƙe, da ƙaramin bokiti a hannu ɗaya da moɗa a ɗayan. Mahaifiyar Alhaji ce, Inna, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu wajen Karakara a wannan shekarar saboda ciwon gwiwa. Ta buɗe kabad kamar mai buɗe ɗakinta, ta yi bisimilla, ta fara zubawa.

Na yi gyaran murya na gaishe ta. Ba ta ko razana ba.

Ta ce, "Kai ne mai gilashin? To ɗan nan, gidanga ba su da kula. Randa kullum rabi, kullum rabi. Mu inda munka tashi, randa ba ta wuni da rabi cikin gidan da ke da mace. Baƙo ya buɗe ya gani, mi za shi ce?"

Na ce, "Inna, wagga randar haka anka yi ta, ba a cika ta."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wanda ya yi ta bai san randa ba."

Ta ƙarasa juye bokitinta ta rufe kabad ta fita. Ni kuma na zauna da tiyo a hannu. Na yi shekaru ina koyon ruwa da gishiri da famfo, Kosi bai taɓa gaya mini abin da ake yi da tsohuwa mai moɗa ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne in je garaj in ce wa Alhaji ga mai yoyonka nan. Amma ku gaya mini wanda zai tsaya gaban mutum, a gaban direbobinsa, ya ce uwarka ce ta jiƙa maka darduma ta kusa kashe maka kifi. Ko a ɗaki na same shi, maganar ba ta da daɗin ɗauka. Na ce bari in fara tsayar da ɓarnar, maganar ta biyo baya in na sami bakin zaren.

Tunda ba za ta daina cikawa ba, sai in ba ta abin cikawa. Dama a zafin Gaya tankin kullum yana shan ruwa, ruwan ya tashi gishirin ya zauna, kuma ruwan daɗi ake mayar masa, kaɗan-kaɗan. Na je kasuwa na sayi randar ƙasa ta gaske, ta yumɓu, na huda gindinta a hankali na liƙa siririn tiyo. Na sa kafinta ya yi mata gammo mai ƙafa a gefen kabad, ta fi randar gilashin tsawo. Tiyon ya bi ta cikin gwangwanin roba mai gawayi, ya ƙare a ɗakin famfo, a bakinsa na ɗaura abin iyo irin na tankin masai, na roba zalla, na cire masa duk wani ƙarfe. Ruwa ya yi ƙasa da layi, abin iyon ya sauka ya buɗe, ruwan daɗi ya ɗiga. Ya kai layi, ya rufe. Ƙofar kabad kuwa na sa mata kwaɗo. Ba haka littafi ya ce a yi ba, ruwan rijiya ba shi ne ya fi dacewa ba, amma mai littafin bai zo Gaya ba.

Na kira Inna na nuna mata. Na ce wannan tata ce, ta cika ta har baki duk lokacin da ta ga dama. Ta ƙwanƙwasa jikin randar da yatsa ta saurara, ta ce ba laifi, an gasa ta. Ta sa aka kawo faifai ta rufe bakin, ta kifa moɗarta a kai.

Da yamma Alhaji ya dawo ya same mu, Inna tana zaune a kan tabarma kusa da randar. Na kashe famfon a gabansa, ruwa ya gangaro ya tsaya ƙasa da baki. Na kunna, na sake kashewa. Ya leƙa ƙarƙashin kabad ya shafa siminti.

Ya ce, "Ka gano yoyon ke nan?"

Na dubi tsohuwar, tana gyara faifanta. Na ce, "An toshe shi, Alhaji."

Ya ce, "Ashe dai akwai shi. Da tun farko ka amsa, da ba mu kai haka ba."

Washegari duk garaj sun ji cewa Malam Idi ya amsa laifinsa da bakinsa.

Falon bai sake jiƙewa ba. Ɗan rawayan ya fito ya ci gaba da cin abinci. Mai benen kuwa ya yi shiru, na ji an ce yana magana da wani mai gilashi a Doso amma bai yanke ba tukuna. Kalma ɗaya daga bakin Alhaji za ta dawo mini da aikin, na sani.

A cikin wannan makon na koma wanke soso. Ina durƙushe a gaban kabad Inna ta shigo da bokitinta. Ta cika randarta ta yumɓu, ta rufe, ba ta fita ba. Ta zauna a hannun kujera tana kallon kifayen.

Ta ce, "Ɗan nan, matar Garba ta gaya mini abin da ake faɗi bisa gare ka. Ta ce har wani aiki za ka rasa. Ni na san ba yoyo ba ne, tun ranar da ka sa kwaɗo na gane."

Na ci gaba da matse soso.

Ta ce, "Tun da sunka kawo ni gidanga sun amshe mini murhu, sun amshe turmi. Ko tsintsiya na ɗauka sai a ce Inna zamna ki huta. Wuni nike zamne kamar kayan da anka aje. Ruwan nan kaɗai ba wanda ya hana ni, don ba su sani ba. Garba in ya ji, ba faɗa za shi yi ba, cewa za shi yi Inna bar shi, yara su yi." Ta juya moɗar a hannunta. "Amma kai ma kana da iyali. In faɗa mishi?"

Da gaske take tambaya, kuma da na ce e da ta faɗa masa a ranar. Na mayar da soso ɗakinsa, na rufe kabad na datse kwaɗon. Na ɗaga faifan na leƙa.

Na ce, "Inna, ba ta kai baki ba. Ƙara mata moɗa guda."

Ta ƙara.

Tagogin benen ɗan Doson nan ne ya sa su. Biyu daga cikin na sama a karkace suke, ko daga kan babur ana gani, kuma duk safiya ta nan nake bi in zo shago.